Idon da Aka Tura Gurup

"Ba ni abin nan."

Senga Mastula, gwaggon Jaliya, ce tsaye a bakin kicin, ta miƙo tafin hannu. Jaliya ta ɗago kai daga kan wayarta, amma yatsanta bai daina motsi ba.

"Senga, saƙo ɗaya ne kawai."

"Tun asuba kike saƙo ɗaya. Miyar gyaɗa ta kama gindin tukunya, kina tsaye a kanta kina yi wa gilashi murmushi. Yau neman aurenki za a zo, ba jarrabawar danne-danne za a yi miki ba. Kawo."

Jaliya ta miƙa tana turo baki. Senga ta cusa wayar cikin ɗamarar gomesinta, doguwar rigar nan ta matan ƙasar, ta ƙara jan ɗaurin tamau.

"Ni dai na tausaya wa marasa lafiyar da za su faɗa hannunku," in ji ta. "Je ki sa kaya."

Shekara biyu Jaliya Nabukenya ta yi tana roƙon wannan rana. Ita da Twaha Wamboga ajinsu ɗaya, suna shekarar ƙarshe a makarantar koyon likitanci ta nan Kampala. Yana salla, ba ya shaye-shaye, kansa na ja. Laifinsa guda ne a wurin danginta: ba Muganda ba ne, wato ba ɗan ƙabilarsu ba. Mutumin Mbale ne, ɗan manomin kofi daga gindin dutse, wanda ko gaisuwa da harshensu sai ya yi tuntuɓe a cikinta.

Wanda dangi suke so shi ne Dokta Kasule, ɗan aminin mahaifinta. Ya riga ya gama, yana ƙwarewa a ɓangaren tiyata a asibitin da suke koyon aiki, yana da mota, kuma duk sallar idi sai ya kai gaisuwa gidansu da ke Nateete. Jaliya ta ce masa a'a da baki, ta ce masa a'a a waya, shi kuwa kullum sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ba na sauri."

Mahaifinta, Hajji Swaibu Matovu mai shagon kayan gini, ko sunan Twaha ba ya yarda a ambata a gabansa. Tun rasuwar mahaifiyarta shi ne uwa shi ne uba, kuma in ya ce a'a, ta zauna. Sai ga shi a watan jiya ya kira ƙanwarsa Mastula da kansa, ya ce ta karɓi yaron ta ga kamarsa, kuma kada a ja abin da nisa. Babu wanda ya san abin da ya sauko da shi. Jaliya ba ta ma tambaya ba, murna ta hana ta.

Kamar yadda ake yi, manemi ba ya ganin uban yarinya sai babbar ranar gabatarwa. Gidan senga yake fara zuwa, in ta ce ya yi, ita za ta kai magana gaba. Don haka Twaha bai taɓa haɗa ido da Hajji ba. Haka kowa yake zato.

Bayan azahar suka iso, shi da 'yan rakiya biyu, da kwandon kaya da ƙaton zakara. Ya sa farin kanzu, doguwar rigar maza mai kama da jallabiya, da kwat ɗin aro wanda hannayensa suka yi masa tsawo. Jaliya ta fito cikin gomesi ruwan zuma, ta durƙusa a tabarma ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Da ta zo kan Twaha, sai da ta ciji leɓe don kada dariya ta kufce mata. Jiya-jiya suka gama rigima a kan cajar waya a ɗakin hutun ɗalibai.

Senga ta kwance ganyen ayaba, ƙamshin kaza da matooke, ayabar da aka turara, ya cika falon.

"An ce ku mutanen dutse tohon itacen gora kuke ci," ta ce tana kallonsa ta ƙasan ido. "Haƙoranka za su iya abinci mai laushi kuwa?"

"Za su koya, Senga," in ji Twaha. "Shi ya sa na zo makaranta mai kyau."

'Yan rakiya suka yi dariya. Senga ta kau da kai don kada a ga nata murmushin. Jaliya ta gani, zuciyarta ta yi fari.

Loma uku bai yi ba aka banko ƙofa.

Lubega ne, yayan Jaliya, da ƙurar siminti a wandonsa, alamar daga shago ya taso. Bai yi sallama ba, bai cire takalmi ba. Idanunsa sun kaɗa, yana riƙe da waya a hannu.

"Wane ne Twaha a cikinku?"

"Lubega, lafiyarka kuwa?" Senga ta miƙe. "A gaban baƙi?"

"Na ce wane ne Twaha?"

Twaha ya ajiye lomar hannunsa. "Ni ne, Yaya."

"Kada ka sake ce mini yaya." Ya juyo da fuskar wayar. "Kai ka tura wannan?"

Daga inda take durƙushe Jaliya ta gane abin da ke kan allon. Hoton hirar gurup ɗin ajinsu ne. Ta san shi kamar tafin hannunta, don a cikinsa suke kwana, a cikinsa suke tashi. Nan ake tura darasi, nan ake gulmar malamai, nan ake sanar da wane babban likita ya shigo da fushi. Kuma nan ake wasan canki-canka. Duk wanda ya ci karo da mara lafiya mai ciwo na daban sai ya zaro waya daga aljihun farar riga, ya ɗauki hoto, ya tura. Wanda ya riga canko cutar, a saya masa capati, wato gurasa, da ƙwai a bakin ƙofar asibiti. Malamai sun hana, sun sake hanawa. Kowa yana yi.

Twaha ya duba. "Ni ne. Na karatu ne kawai, ba a ga fuskar kowa ba."

"Na karatu." Lubega ya gyaɗa kai. "Senga, saurari karatu."

Ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa, muryarsa na karyewa.

"Ga na yau. Dattijo ɗan sittin da 'yan kai. Ido ya koma kamar gwaiduwa, jiki ya zube, ciki ya tasa. Ya ce mu lallaɓa shi har ya aurar da 'yarsa, kuma kada 'yan gidansa su ji. Wa zai canka? Capati da ƙwai biyu."

"To, sai me?" in ji Senga. "Rashin kunyar yaran zamani ce, amma ba ita za ta sa ka shigo mini da takalmi ba."

Lubega ya sake duba wayar. Hotuna biyu ne a ƙarƙashin rubutun: ɗaya ido guda ne da aka ɗauka daga kusa, ɗaya kuma hoton sikanin ciki. Ya sa yatsu biyu a kusurwar na sikanin, ya buɗa, ya sake buɗawa, har ƙananan haruffan da ke can sama suka fito ɓaro-ɓaro. Sai ya miƙa wa Jaliya.

"Ke ce mai ilimin. Karanta mata."

Ta karɓa. Ta karanta sau ɗaya, haruffan suka ƙi shiga kanta. Ta sake.

MATOVU SWAIBU.

"Matovu ai suna da yawa," ta ji bakinta yana faɗa. "Ko a unguwarmu akwai..."

Yatsanta ya koma kan ɗaya hoton. Ido ne mai launin ɗorawa, fatar gefensa ta yamutse. A saman girar akwai ɗan siririn tabo, inda kwanon rufi ya taɓa yankarsa tun tana firamare. Ita ce ta riƙe masa ƙyalle a wurin har jinin ya tsaya, ranar ce ma ya fara kiranta Dokta.

Ta zame ta zauna daɓas a tabarma.

"Taata ne," ta ce. "Senga, babana ne."

Senga ta dafe ƙirji, ta laluba kujera ta baya ba tare da ta waiwaya ba.

Abubuwa suka riƙa dawo wa Jaliya ɗaya bayan ɗaya. Tun farkon zangon nan ba ta je gida ba, sai dai saƙo. Duk lokacin da ta kira shi da bidiyo sai ya katse, ya ce kyamarar wayarsa ta lalace. Ta ce za ta zo ta gyara masa, ya ce ta zauna ta yi karatunta. Ta kuwa zauna.

Ta ɗago ta dubi Twaha. Fuskarsa ta yi toka, zufa na gangarowa cikin wuyan kanzunsa.

"Jaliya, wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Ban taɓa ganinsa ba, kin sani. Hotonsa da kika nuna mini na wajen aikin hajji ne, mutum ne mai jiki, da gemu, da hula. Wannan ya zo shi kaɗai, ya rame, ba gemu..."

"Sunan fa? Ba ka karanta sunan ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban duba ba. Marasa lafiya sun yi yawa ranar. Lamba muke kira."

"Lamba." Hawaye suka ɓalle mata. "Ubana ne lamba? Mutum ya zauna a gabanka, ya buɗe maka cikinsa, ya gaya maka abin da bai gaya wa 'ya'yansa ba. Ya ce ka rufa masa asiri. Ka fita ka sa shi a kasuwa a kan ƙwai biyu."

"Na yi laifi."

"Shekara biyu ina faɗa da kowa a kanka. Na ce musu ba su san ka ba. Na ce a duk ajinmu babu mai tausayinka. Na ce ko kare ka gani a hanya..." Kuka ya ci ƙarfinta. Ta share fuska da hannun gomesi, ta ci gaba. "Wane irin mutum ne zai ji dattijo yana roƙon a bar shi ya ga auren 'yarsa, ya mai da shi abin dariya? Gaya mini, Twaha. Wane irin mutum?"

Twaha bai kare kansa ba. Wurin Lubega ya juya, ya haɗa hannaye biyu.

"Don Allah, ka karɓi wayarka. Ya isa haka. Duk abin da za ku yi mini na yarda, amma kada a ja ƙasa."

"Me ya sa?" in ji Jaliya.

"Jaliya, ba shi wayar."

"Me ke ƙasan?"

Lubega ya tsaya yana kallonta da wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba. "Ja mana," ya ce a hankali. "Ja ki ga wanda ya ci gasar."

Ta ja.

Amsoshin 'yan aji ne a jere. Wani ya ce tsakuwar matsarmama. Wata ta ce shawara ce mai tsanani. Wani ya tura hoton ƙwai yana soyuwa. Sai kuma ga sunanta, da ɗan hotonta cikin farar riga.

"Dajin hanta ne, kuma ya riga ya bazu. Wata shida in ya yi sa'a. A sa mini albasa da yawa."

A ƙarshen layin akwai fuskar dariya guda biyu.

Zakaran da ke ɗaure a waje yana ta fuffuka. Jaliya ta tuna ranar. Tana bayan ɗan boda ne, wato ɗan acaba, cunkoso ya tsayar da su a Wandegeya. Ta kalli hoton sikanin da ido ɗaya, ta rubuta amsa da yatsa ɗaya, tana gudun kada wata ta riga ta. Hoton idon ma ba ta buɗe shi ba. Da yamma Twaha ya saya mata capatin a bakin ƙofa, suka raba biyu, ta ɗauki hotonsa ta tura gurup.

Ta tashi da gudu ta yi bayan gida, ta yi ta amai har sai da babu abin da ya rage.

Da ta dawo tana dafa bango, ta tarar mutum ya ƙaru a falon. Dokta Kasule ne, cikin riga mai guga, ya ajiye takalmansa a jere a bakin ƙofa. Ya durƙusa gaban Senga yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ban so na zama mai kawo wannan labari ba, Senga. Amma Hajji uba ne a wurina. Da wani ɗalibi ya turo mini, na kasa barci. Na ga ya kamata Lubega ya sani kafin a ɗaura wa iyali abin da zai zame musu nadama."

Ya miƙe da ya ga Jaliya. "Sannu, Nabukenya. Ki yi haƙuri."

Ta kau da kai.

"Na kai maganar ofishin shugaban makaranta," ya ci gaba. "Dole ce ta sa, aikina ne. Sunan mara lafiya ya fita, wannan kora ce kai tsaye." Ya ɗan dakata, ya rage murya. "Amma iya na Twaha na tura musu. Na yanke ƙasan hoton. Naki yana wurina, babu wanda zai gani. Ke ta gida ce."

Jaliya ta dube shi. Ta fahimci abin da ya faɗa, ta kuma fahimci abin da bai faɗa ba.

"Yaushe aka turo maka, Dokta?" Twaha ne ya yi tambayar.

"Ba da kai nake magana ba."

"Sati biyu ke nan da na tura shi. Yaushe ya zo hannunka?"

Kasule ya gyara agogon hannunsa. "A ranar."

"Kuma ka san Hajji ba shi da lafiya tun kafin nan, tunda a ɓangarenku yake. Ba ka zo ka ce in goge ba. Ba ka gaya wa 'yarsa ba. Ka ajiye sai yau."

"Hajji ya roƙe ni in rufa masa asiri."

"Ka kuwa rufa."

"Kai, rufe mana baki." Senga ce ta miƙe, ta katse Twaha. Ta yi wa Kasule wani dogon kallo, sannan ta mai da idonta kan Twaha. "Ko shi me ya yi, ba shi ya ɗauki hoton ɗan'uwana ba. Ka ci abincina, na yi maka dariya, ashe da idon yayana a aljihunka ka shigo. Kwashi kwandonka da zakaranka. In dai ni ce zan kai maganarka Nateete, to ka nemi wata."

"Senga..." in ji Jaliya.

"Ke kuma kada ki sake na ji bakinki. Albasa da yawa." Sai ta fashe da kuka. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Ya kira ni ya ce kada a ja abin da nisa, ni kuma na zauna ina yi masa tsiya, wai tsufa ya sa ya yi laushi."

Twaha ya miƙe. Ya tsaya gaban Jaliya, hawaye na zuba a kan kwat ɗin aron.

"Zan je ofishin da kaina ranar Litinin. Zan ce ni kaɗai ne. In sun kore ni, na cancanta. Amma ki sani, ko da me za a yi mini..."

"Kada ka faɗa," ta ce. "Ba yau ba. In na kalle ka idonsa nake gani. In na rufe ido kuma rubutuna nake gani. Ban san wanda na fi tsana ba a cikinmu."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya ja hannunsa.

Kasule ya gyara murya. "Yanzu abin da ya fi muhimmanci shi ne Hajji. A lallaɓa shi. Sakamakon gwajin nama bai daɗe da fitowa ba, ba a ma gaya masa ba tukuna. Shi dai ya san hantarsa ce ke ciwo. Ranar Litinin babban likita zai zauna da shi, ya yi masa bayani a hankali. Kafin nan kada kowa ya nuna masa wannan abin."

Lubega ya ɗago kai da sauri.

"Bai sani ba?"

"Bai san ya kai haka ba."

Lubega ya kalli wayar da ke hannunsa. Leɓunansa suka yi fari.

"Lubega," in ji Senga. "Me ka yi?"

"Raina ne ya ɓaci. Ina shago ya shigo, ban yi tunani ba. Na so kowa ya ga irin mutumin da za a kawo mana." "Na tura gurup ɗin gida."

"Duka?" Kasule ya tambaya, kuma a karo na farko murmushin nan ya bar fuskarsa. "Har da na ƙasan?"

"Yadda ka turo mini."

"Taata yana ciki," in ji Jaliya.

Ta fizgi wayar, ta danna saƙon, ta duba jerin waɗanda suka buɗe. Kawunnai, 'yan'uwa, har da na ƙasashen waje. Sunansa ne na uku.

Ba ta nemi izini ba. Ta cusa hannu cikin ɗamarar Senga ta zaro wayarta. Saƙonni sun yi tsiri, amma ba su ta duba ba. Kira ɗaya ne aka yi mata ba ta ɗauka ba. Taata. Kiran bidiyo.

Ta fita ba takalmi, sai da Lubega ya biyo ta da su. Ta tare ɗan boda na farko, ta tattare gomesin ta hau.

"Nateete. Kada ka tsaya ko'ina."

"Amarya, gudun miji ake yi ne?" in ji ɗan bodan. Da ya hango fuskarta a madubi sai ya ƙara wa babur ɗin wuta.

Duk hanya wayar na kaɗawa a hannunta. Ba ta duba ba. Da suka sha kwanar gidansu ta waiwaya, ta hango wani bodan a bayansu da mutum cikin farin kanzu. Ya sauka can nesa da ƙofa, ya tsaya a gefen kwata. Bai isa ya matso ba, ya kuma kasa komawa.

Hajji yana zaune a baranda, a kujerarsa ta katako. Ya sa baƙin tabarau, ya yafa mayafi duk da zafin rana. Jaliya ta tsaya cak a tsakar gida. Wannan ba mutumin da ta bari ba ne. Wuyansa ya zama siriri, agogonsa ya zamo har tsakiyar hannu, cikinsa kuwa ya turo rigar gaba. Kallo ɗaya da ta yi masa ya gaya mata duk abin da aka koya mata a shekara biyar.

Ta ƙarasa da rarrafe, ta kifa kai a gwiwarsa.

"Taata, ka yafe mini. Taata..."

"Gomesin ya yi miki kyau," ya ce. Muryarsa ce kaɗai ba ta canza ba. "Na mahaifiyarki ne. Shi na kira in gani."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kina da jarrabawa."

"Ni fa likita zan zama. Da na zo, da na gani, da tun da wuri..."

"Shi ya sa ban bari kin zo ba."

Ya bar ta ta yi kuka har ta gaji, hannunsa a kanta. Sannan ya ɗaga haɓa wajen ƙofa.

"Wancan da ke tsaye kamar turken wuta, shi ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Ashe shi ne. Da na sani da na ƙara kallonsa." Ya ɗan yi tari. "Sai da ya murza hannayensa suka yi ɗumi kafin ya taɓa cikina. Duk waɗanda suka duba ni a asibitin nan babu wanda ya yi haka. Ya ɗaura mini maɓallin riga. Shi ya sa na saki jiki na gaya masa abin da ke raina. Ya ce zai ɗauki hoton idona don karatu, na ce ɗauka. Har na so in ce masa 'yata ma karatun take yi, sai na ji tsoron kada ya san ki."

Ya gyara mayafinsa.

"Ban san karatun naku da capati ake yin sa ba."

"Taata, kora za a yi masa. Kasule ya kai ƙara. Ni ma ya kamata a kore ni, abin da na yi ya fi nasa."

"Kasule." Ya maimaita sunan kamar yana auna shi a hannu. "Kasule ya dafa Alƙur'ani a motarsa ya ce babu mai ji daga bakinsa. To, ba daga bakinsa aka ji ba, daga wayarsa aka ji. Bar wannan, zan yi magana da ubansa."

"Shi kuma wancan? In ce ya tafi?"

"Bar shi ya tsaya. Ban gama shawara a kansa ba."

Ya sa hannu ya zare tabarau. Jaliya ta so ta kau da kai, ta kasa. Idanun biyu suna kallonta, masu launin ɗorawa, da ɗan tabon nan a saman gira.

"Turancina na kasuwa ne, amma na karanta abin da kika rubuta har sau uku. Likitocin can kullum sai su ce mu jira, mu gani, mu dawo. Ke kaɗai kika faɗa kai tsaye."

"Wasa ne, Taata. Ban san abin da nake faɗa ba. Ɗaliba ce ni, ina iya yin kuskure."

"An ce ke kika ci gasar."

Ta rufe baki da hannu biyu.

Ya jawo hannun nata ya riƙe cikin nasa. Tafinsa ya yi sanyi, ƙasusuwan duk sun fito.

"Ba faɗa zan yi miki ba, Dokta. Ina da shago, ina da yayanki da bai san kan kaya ba, ina da ke. Dole in san yadda zan tsara abubuwana. Tambaya ɗaya ce, kuma gaskiya nake so." Ya matso da fuskarsa kusa da tata. "Wata shidan nan, daga ranar da kika rubuta zan fara ƙirgawa, ko daga yau?"